Yadda za ka tsara manhajar da za ta haɗa masu aikin onlayin da wuraren zama masu wuta da intanet

Wata Talata ce cikin zafin Afrilu a Kano, saura minti arba'in in shiga mitin da mutanen da nake wa aiki aka ɗauke wuta, laftop ɗina kuma cajinta bai kai kaso ashirin ba. Na tari adaidaita na nufi wani wurin shan kofi da na sani, ina zuwa aka ce janaretansu ya lalace tun jiya, na tsallaka wani wurin, nan akwai wuta amma soket ɗaya ne tak kusa da kanta kuma wani bawan Allah ya riga ya jona wayoyinsa biyu da fawa bank. A waya na yi mitin ɗin ina tsaye gindin bishiya, masu babura na ta hon. Tun ranar nake juya tunanin manhajar da mutum zai buɗe kawai ta gaya masa ina ne yanzu-yanzu akwai wuta, akwai sabis, akwai kujera. Na gwada yi, na yi kurakurai da dama, to ga yadda zan ba ka shawara ka bi idan kai ma abin yana ranka.

Tunanin ba sabo ba ne. A Amurka an fara wani shafin intanet mai suna Workfrom a birnin Portland wajen 2014, inda mutane ke saka wuraren shan kofi da suka dace da aiki suna ba su maki. Amma kada ka kuskura ka kwafo tsarinsu ka liƙa, domin su ba sa tambayar ko akwai wuta, wutarsu ba ta tafiya, damuwarsu ɗanɗanon kofi da ƙarfin Wi-Fi. Mu a nan tambayar farko da ta biyu da ta uku duk wuta ce.

Sannan ka kula da kalmar kafe, wadda Turawa ke kiran wurin shan kofi da ita. Idan ka ce wa Bahaushe kafe, abin da zai zo masa shi ne shagon da ake cike fom ɗin JAMB ana firintin da hoton fasfo. Ni da farko na sa kalmar a sunan manhajar, sai ga mutane suna tambayata ko za su iya duba sakamakon jarabawa a ciki. Ka ce wurin zama, ko wurin aiki, kuma ka buɗe ƙofa: gidan abinci da rana ba kowa a ciki, falon otal, wurin shan ayis kirim, cibiyoyin matasa masu harkar fasaha, duk su shigo. In ka tsaya kan wuraren kofi zalla a Kano ba za ka cika shafi biyu ba. Abuja ce ma da ɗan dama-dama, Wuse 2 da Maitama da Jabi da Gwarinpa.

Kafin ka rubuta kod ko layi ɗaya

Ka ɗauki laftop ɗinka da littafi ka fita. Zaɓi yanki ɗaya kawai, misali daga Zoo Road zuwa Nasarawa GRA da Bompai, ka nemo wurare goma sha biyar zuwa ashirin, kowanne ka zauna aƙalla awa biyu kana aikinka na gaske. Gani ya kori ji. A zaman ne za ka lura da abubuwan da ba za su taɓa zuwa maka a ɗaki ba, kamar teburin da yake ƙasa-ƙasa irin na falo wanda awa ɗaya bayanka ya ƙage, ko soket ɗin da yake nan amma ya saki sai ka tokare cajar da takalmi, ko esin da ake kashewa da zarar an koma kan janareta. Ka ƙirga soket nawa ne mutum zai iya kaiwa daga kujera, ba nawa ne a bango ba. Ka tambayi yaran wurin, ba manaja ba, ƙarfe nawa ake cika.

Duk wannan ka zuba a Google Sheets, ka buɗe guruf a WhatsApp ka saka mutum talatin ko arba'in da ka san aikinsu a intanet yake, masu rubuta kod, masu zane, masu fassara, masu koyarwa ta Zoom, 'yan kirifto ma su shigo. Kullum da safe ka tura musu jerin wuraren da ke da wuta. Yi haka wata ɗaya. Idan ranar da ka makara ba wanda ya ce malam yau ina jerin, to ka huta, ka tsira da kuɗinka da barcinka. Idan kuwa suka fara damunka da saƙo tun ƙarfe takwas, ka samu abin yi.

Maganar wuta, nan ne gizo ke saƙar

Kuskurena mafi girma shi ne na yi wa wuta akwati ɗaya, akwai ko babu. Ai wuta ba haka take ba. Dole kowane wuri ka rubuta daga ina wutarsa take zuwa: ta gwamnati, janareta, sola da inbata, ko haɗin gambiza. Ka tambayi a wane rukuni layinsu yake, tunda an raba masu shan wuta zuwa Band A har E, 'yan Band A an yi musu alkawarin aƙalla awa 20 a rana, kuma a Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga musu kuɗi zuwa naira 225 kan kowane yunit. Wannan bayanin yana gaya maka abu biyu, wurin zai fi samun wuta, kuma mai wurin yana jin zafin duk wanda ya jona caja. Haka mai janareta, tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 ba wanda ke tayar da inji don mutum biyu, don haka ka sa wurin rubuta awannin da suke kunnawa, da kuma ko suna jiran sai mutane sun taru.

Abu mafi muhimmanci a duk manhajar shi ne kowane bayani ya zo da lokacinsa. "Akwai wuta" ba komai ba ce. "Akwai wuta, an tabbatar minti 12 da suka wuce" ita ce magana. Ka tsara yadda bayanin zai tsufa da kansa, ƙasa da awa ɗaya kore, ya wuce haka ruwan ɗorawa, ya kai awa uku ya koma toka-toka da rubutu cewa ba a tabbatar ba kwanan nan. Mutum ya biya kuɗin adaidaita ya je ya tarar da duhu sau biyu saboda kai, wallahi ya goge manhajar kuma zai gaya wa abokansa.

To wa zai riƙa tabbatarwa? Hanya ta farko masu zuwa wurin ne, idan mutum ya iso manhajar ta jefa masa tambaya ɗaya mai maɓalli biyu, akwai wuta ko babu. Kada ka haɗa masa fom mai tambaya takwas, ba zai cike ba, aiki ya zo yi. Hanya ta biyu mai wurin, amma ka sani mai shago ba zai taɓa danna "babu wuta" da hannunsa ba, ko ni ne ba zan danna ba. Hanya ta uku ita ta fi burge ni: ka sayi ESP32, wata 'yar na'ura mai araha da ke iya hawa Wi-Fi, ka jona shi a soket ɗin wurin ka haɗa shi da Wi-Fi ɗinsu, duk bayan minti biyu ya turo wa sabarka, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan manhajar, ɗan saƙo cewa ina nan. Da ya yi shiru ka san ko dai wuta ta tafi ko intanet ya yanke, kuma ga mai neman wurin aiki duka biyun ɗaya ne. Sai dai ka jona shi a layin da kwastomomi ke amfani da shi, kada su kai maka shi kan inbatar ofishin manaja da ba ta mutuwa. Kuma ka liƙe shi da kyau, nawa na farko an cire shi an sa cajar waya.

Intanet kuma, kada ka yarda da "muna da Wi-Fi mai ƙarfi". Auna. Mutane suna kallon saurin saukewa kawai, alhali mai kiran bidiyo saurin turawa ne ke kashe shi, da kuma jinkirin amsawa. Megabit uku zuwa huɗu a kowane ɓangare sun ishi kiran bidiyo mai kyau in dai ba ya yankewa, megabit hamsin mai tsalle-tsalle kuwa ba ta da amfani. Ka auna da fast.com ko Speedtest sau uku a rana ɗaya, safe da azahar da bayan magariba, domin wurin da ke gudu da safe yana iya zama kunkuru idan mutum ashirin sun hau. Ka rubuta irin layin, faiba ne ko Starlink na tauraron ɗan adam, wanda ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ko kuwa 'yar mifi ce aka ajiye kan firij. Kuma ka ƙara wani abu da manhajojin waje ba su damu da shi ba, wato ƙarfin sabis ɗin MTN da Airtel da Glo a cikin ginin, saboda yawancinmu hotspot ne madogararmu idan Wi-Fi ya ƙi. In za ka sa awon sauri cikin manhajar, kada ya taɓa tashi da kansa a kan datar mutum, awon yana cin data sosai, kuma tun da aka amince da ƙarin kaso 50 kan kuɗin kira da data a Janairun 2025 mutane lissafin kowace megabait suke.

Akwai wasu abubuwan da sai ɗan gida zai tuna. Salla: akwai wurin alwala, akwai masallaci kusa, kuma wa zai duba maka laftop idan ka tafi la'asar? Wurin da ke da loka ko ma'aikacin da za ka bar wa kaya ya cancanci alama ta musamman. Mata: da yawa daga masu aikin onlayin mata ne, kuma tambayar da suka fi yi mini ita ce ko wurin yana da ɓangaren iyali, ko banɗakinsa na da tsabta, ko matattarar 'yan shisha ce. Ka nemo mata biyu ko uku su ne za su ba da wannan makin, kai ba za ka gane ba. Hayaniya: wuri na iya zama shiru duk mako amma daren da ake buga gasar zakarun Turai ya koma gidan kallo, ka sa alamar ko akwai talabijin. Azumi: wurare da yawa ba sa buɗewa da rana, ka yi maɓalli ɗaya da mai wuri zai sauya jadawalinsa gaba ɗaya zuwa na Ramadan. Sai lokacin rufewa, wanda ni na raina da farko. Mai yi wa kamfanin New York aiki, ƙarfe tara na safensu ƙarfe biyu ko uku na ranarmu ne gwargwadon lokacin shekara, ke nan shi aikinsa har goma ko sha ɗayan dare, wurin da ke rufewa ƙarfe bakwai bai yi masa ba. Sa maɓallin tace jerin da "a buɗe har ƙarfe kaza".

Mai wurin fa, me zai samu?

Yawancin masu irin wannan tunanin suna mantawa cewa kasuwar ɓangare biyu ce. Kai kana ganin ka kawo masa kwastoma, shi yana ganin ka turo masa mutumin da zai sayi ruwan gora ɗaya ya mamaye teburin mutum huɗu awa shida yana shan esi. Wata hajiya mai gidan abinci ta faɗa mini ƙarara, ta ce ɗana, masu kwamfutar nan naku asara ce. Kuma gaskiyarta. Ko a Turai akwai wuraren da suka hana buɗe laftop a ƙarshen mako saboda haka.

Mafita ita ce a sayar da zaman kansa. A Mosko an buɗe wani wurin zama mai suna Ziferblat a 2011 inda lokaci ake biya, minti-minti, shayi da biskit kuwa kyauta, to kai ma kana iya ɗauko rabin wannan. Mutum ya sayi tikitin awa uku ko na yini a manhajar, wani kaso na kuɗin ya koma masa a matsayin abin da zai ci a wurin, sauran na mai wuri, kai ka cire ladanka kaɗan. Kuma ka bar mai wurin ya zaɓi awannin da yake so da adadin kujerun. Gidan abinci daga goma zuwa sha biyu da rabi, sannan daga uku zuwa shida, kujerunsa ƙuda kawai ke hawa, waɗannan awannin za ka nema, kada ka taɓa masa lokacin cin rana. Da na koma wa hajiyar nan da wannan lissafin ta ba ni tebur huɗu na can ciki.

Karɓar kuɗi ka yi amfani da kamfanonin biyan kuɗi ta intanet, Paystack ko Flutterwave, amma ka tabbata akwai biya ta tiransifa, mutanenmu sun fi sakin jiki da tura kuɗi daga OPay ko Moniepoint a kan saka lambar kati. Ka lissafa cajinsu cikin farashinka tun farko. Kuma ka biya masu wurare da wuri, kullum ko duk bayan kwana biyu, ɗan kasuwa in bai ga alat ba ya daina ɗaukar wayarka. Ka kuma rubuta doka ɗaya a fili: wuta ta tafi fiye da minti ashirin, a mayar wa mutum kuɗin sauran lokacinsa ba tare da musu ba. Na'urar nan ta ESP32 ita ce shaidarka idan gardama ta tashi.

Fuskar manhajar

Shafi uku sun isa a farko. Na ɗaya jerin wurare mafi kusa, kowanne da suna, nisa, alamar wuta da lokacin da aka tabbatar, da kujerun da suka rage. Jeri nake nufi, ba taswira ba. Kowa yana son buɗewa da taswira don tana da kyau a ido, amma tana da nauyi, kuma mutumin da cajinsa ya kusa ƙarewa so yake ya ga amsa cikin daƙiƙa biyar, taswirar ta zama sai wanda ya nema. Na biyu shafin wurin, da hotuna na gaskiya da ka ɗauka da wayarka, hoton tebur da soket, ba hoton kofi mai zanen zuciya ba. Na uku tikitin mutum da lambar da zai nuna wa yaron kanta. Adireshi kuwa ka rubuta shi yadda ake kwatance, bayan gidan mai kaza, kallon asibiti kaza, domin lambar gida ba ta kai kowa ko'ina a garuruwanmu, sai ka haɗa da maɓallin da zai buɗe Google Maps.

Kada ka tilasta rijista kafin mutum ya ga komai, ya duba kyauta, sai zai sayi tikiti ka nemi lambar waya. Ka yi Hausa da Turanci tun ranar farko, in kana hangen Maradi da Yamai ka bar gurbin Faransanci. Ɓangaren mai wuri kuma kada ka yi masa wata manhaja daban, ba zai sauke ba, saƙon WhatsApp ko ɗan shafi mai maɓalli uku ya wadatar, domin wanda zai riƙa dannawa yaron kanta ne da hannunsa ke jiƙe.

Kayan aiki ba sai an ja ba. Wajen gina manhajar, Flutter ko React Native, duk wanda ka iya. Rumbun bayanai ni Supabase na ɗauka saboda PostGIS mai lissafin wurare da nisa, da shi tambayar "wurare cikin kilomita uku daga nan" layi kaɗan ce, Firebase ma zai yi. Bayanan wurare ka tara naka, kada ka jingina da na Google, da dala ake biya idan ka wuce adadin kyauta kuma dokarsu ta taƙaita abin da za ka iya adanawa. Ka fara da Android, kuma ka yi gwaji a kan itel ko tsohuwar Tecno mai ram giga biyu, ba a kan babbar wayarka ba. Ka sa manhajar ta riƙe jerin ƙarshe da ta sauko da shi, ta yadda ko sabis ya gudu mutum zai ga sunaye da lambobin waya ya kira.

Lokeshan ɗin mutane amana ce, kuma akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, da hukumar NDPC da ke kula da ita. Ka nemi lokeshan lokacin da manhajar ke buɗe kawai, kada ka ajiye tarihin yawon mutum. Wani abokina ya so in ƙara wurin da za a ga su wane ne ke zaune a wuri don a san juna, na ƙi. Ka yi tunanin ɓarawo ya buɗe manhaja ya ga wance tana wuri kaza da laftop kuma takan tashi ƙarfe tara na dare. Adadi kawai za a nuna, mutum biyar na ciki, ba suna ba hoto.

Idan ka zo sakawa a Play Store, dala 25 ce sau ɗaya, na Apple dala 99 duk shekara don haka ya jira tukuna. Sabon asusu na mutum ɗaya kuma Google sai ya sa ka yi gwajin sirri da aƙalla mutum 12 na kwana 14 a jere kafin ya bari ka saki ga kowa, to ka ga amfanin guruf ɗin WhatsApp ɗin nan, masu gwajinka suna nan a shirye, sai dai ka saka mutum ashirin saboda wasu za su goge a tsakiya. Cikin kwanakin nan sha huɗu abu ɗaya za ka riƙa dubawa kowane dare, cikin mutanen da manhajar ta ce musu akwai wuta, nawa ne suka je suka tarar da ita. Duk wurin da ya ba da kunya sau uku a mako ka sauke shi daga jerin, ka je da ƙafarka ka ga abin da ya faru, ko da kuwa mai wurin ɗan uwanka ne. Sai wannan lissafin ya daidaita a yankinka na farko sannan ka tsallaka Kabuga da wajen BUK, inda ɗalibai suke da yawa amma tikitin yini zai yi musu tsada, can sai ka gwada na awa ɗaya-ɗaya.